Zama Wuri Ɗaya Tsautsayi: Amsoshin Wasiƙunku kan Motsa Jiki da Ƙwaƙwalwar Dattawa

Wasiƙun wannan watan kamar an haɗa baki, kusan duk a kan iyaye suke da mantuwa. Na zaɓi biyar, na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba a wannan fili. Ta farko ce ta fi cin wuri, domin ta taɓo ni inda yake mini ciwo.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Mahaifinmu yana da shekara 73. Wata takwas da suka wuce ya zame ya faɗi a banɗaki, bai karye ba, amma tun ranar yayana ya kafa doka cewa kada a sake barin Baba ya fita ko ya yi wani aiki. Komai kawo masa ake yi har inda yake zaune. Yanzu wuni yake a kujera gaban talabijin. Na lura ya fara maimaita tambaya, jiya sau uku ya tambaye ni ranar komawa asibiti, kuma ya rage hira. Ni ina ganin zaman ne yake cinye shi, Yaya kuma ya ce tsufa ne kawai, hutu haƙƙinsa ne. Wa ya fi gaskiya a cikinmu? Daga 'yar autar Baba.

AMSA: 'Yar'uwa, ke kika fi kusa da gaskiya, amma don Allah kada ki ɗauki mujallar nan ki je ki dangwara wa yayanki a gaba. So ne ya sa shi, kuma ni ma na taɓa yin irin abin da ya yi. Lokacin da mahaifiyata ta yi jinyar ƙirji ta tashi, ni da kaina na sayo mata kujera mai laushi, na hana ta shara, na hana ta ɗauraye ko da kofin da ta sha ruwa. Ina likita fa. Cikin wata huɗu, matar da take hawa matakala ba ta dafa komai ba ta koma sai an miƙa mata hannu take tashi daga kujerar nan, hirarta ma ta zama daga i sai a'a. Wata abokiyar aikina ce ta zo duba ta, da za ta tafi ta ja ni gefe ta ce, "Ciwon ya sake ta tuntuni, kai ne ka riƙe ta." Har yau in na tuna maganar nan sai na ji nauyi.

Bari in faɗa miki abin da ya haɗa ƙafa da kai. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma ita kaɗai take cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jini yake ɗaukowa daga huhu. Kuma ba ta da rumbu, ba ta ajiya, abin da jini ya kawo mata yanzu shi take ci yanzu. Hanyoyin da suke kai mata abincin nan jijiyoyi ne ƙanana, wasu sun fi gashin kai siranta. Hawan jini yana taurara su, sukari yana lalata bangonsu, kitse yana toshe su. Tafiyar ƙafa kuwa tana taɓa duka ukun: tana sauke hawan jini, tana sa tsoka ta zuƙe sukari daga jini, tana gyara kitsen. Cutar mantuwa iri-iri ce. Wadda ta fi yawa ita ce ta Alzheimer, mai sunan likitan Jamus da ya fara bayyana ta a 1906, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Mai bi mata ita ce wadda lalacewar jijiyoyin jini take kawowa. A tsofaffi da yawa su biyun tare suke zuwa, ɗaya na ƙara wa ɗaya ƙarfi. Duk abin da ya kare jijiya, ya rage wa ƙwaƙwalwa nauyi guda.

Akwai kuma wani ɗan sashe a can cikin kai, ɗaya dama ɗaya hagu, ana kiransa hifokamfus. Shi ne magatakardan ƙwaƙwalwa, shi yake rubuta sabon abu. Shi ya sa za ki ga dattijo yana ba da labarin shekara 50 da suka wuce dalla-dalla, amma ranar komawa asibiti ta gagare shi: tsohon littafi yana nan, mai rubuta sabo ne ya gaji. Wannan sashe yana ɗan motsewa da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a kowace shekara idan an manyanta. A 2011 wani mai bincike a Amurka, Kirk Erickson, tare da abokan aikinsa, suka buga sakamakon wani gwaji da ya ja hankalin likitoci. Sun ɗauki dattawa 120 waɗanda ba sa motsa jiki, suka raba su biyu. Rabi suna tafiya da ƙafa sau uku a mako, an fara da minti 10 ana ƙarawa har ya kai minti 40. Rabi kuma miƙe gaɓɓai kawai suke yi. Bayan shekara guda aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu: hifokamfus ɗin masu tafiya ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100, na ɗaya rukunin ya ragu da kusan kashi 1.4. Don kada in ƙara gishiri, a gwajin tuna abubuwa duka rukunan biyu sun ɗan inganta, tazarar a hoton ta fi fitowa. Tun kafin nan, a 1999, an ga cewa ɓerayen da aka sa wa abin gudu a kejinsu suna tsiro da sababbin ƙwayoyin halitta a daidai wannan sashe fiye da ɓerayen da suke zaune. Akwai wani sinadari mai suna BDNF da yake ƙaruwa idan an motsa jiki, aikinsa kamar taki ne ga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Mutum ba ɓera ba ne, na sani, amma alamun duk gefe guda suke nunawa.

Hutun da yayanki yake magana kuma, an auna shi. A 1966 a birnin Dallas na Amurka an kwantar da samari biyar 'yan shekara 20 a gado na mako uku, lafiyarsu ƙalau. Bayan shekara 30 aka sake nemo su aka auna ƙarfin zuciyarsu da numfashinsu, sai aka tarar mako ukun nan na kwanciya ya fi shekara 30 na tsufa yi musu ɓarna. Samari ke nan. A wani gwajin na 2007 da aka yi da dattawa masu lafiya, kwana 10 kacal a gado ya cinye musu kusan kilo 1 na naman ƙafafu. Zaman kujera bai kai kwanciya ba, amma hanyarsu ɗaya. Ga kuma inda abin yake cizon kansa: an zaunar da Baba don kada ya faɗi, zaman ya cinye cinyoyinsa, ranar da ya miƙe zai shiga banɗaki ƙafar da za ta tare shi babu ƙarfi. Garin neman gira a rasa ido. A Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan an tsara wani shiri na ƙarfafa ƙafa da koyon tsayuwa daidai, ana yi a gida, kuma ya rage faɗuwar tsofaffi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Maganin faɗuwa ƙafa mai ƙarfi ce, da banɗaki mai abin dafawa da haske da tabarmar roba da ba ta santsi.

Kafin komai dai, ku kai Baba a duba shi, ku kuma gaya wa likitan maganar faɗuwar nan, musamman in kansa ya bugu. Jini yana iya taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kan dattijo, alamar ba ta fitowa sai bayan makonni, kuma ana iya cire shi. A duba kunnensa da idonsa, domin wanda ba ya ji sosai kullum kamar mai mantuwa yake, alhali maganar ce ba ta shiga ba tun farko. A duba jininsa ko akwai ƙarancin bitamin B12 ko matsalar maƙoƙo. Ku tattara duk magungunan da yake sha a leda ɗaya ku tafi da su, musamman na barci. A kuma tambaye shi yadda zuciyarsa take, domin mutumin da ya saba fita aka ce ya zauna, ciwon damuwa yana iya kama shi, shi ma yana zuwa da mantuwa da shiru.

In likita ya ba da izini, ku fara da minti 5 zuwa 10, wani yana gefensa. Shawara ɗaya daga abin da na koya a kan mahaifiyata: kada ki ce masa, "Baba, tashi ka motsa jiki." Babba ba ya son a mayar da shi yaro. Ki ce, "Baba, ɗan raka ni, akwai maganar da nake son shawararka." Ki mayar masa da wani aiki da yake nasa ne a da, ko ban ruwan shuka ne, ko rufe ƙofa da dare. Shi kuma Yaya, ki ba shi aikin rakiyar a ranakun da yake gida. Wanda ya ga ƙafar mahaifinsa tana dawowa da idonsa ba ya buƙatar a yi masa wa'azi.

TAMBAYA: Likita, ina gaisuwa. Shekarata 68, ina da hawan jini ina shan magani, gwiwata ta dama kuma tana damuna. Jikana ya sa mini abin ƙirga taku a waya ya ce sai na yi 10,000 kullum in ina son kaina ya zauna daidai. Na gwada kwana biyu, na uku ban iya sauka daga gado ba. Da ƙyar nake kai 4,000. Shin aikin banza nake yi? Daga wani tsohon malamin makaranta.

AMSA: Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ba aikin banza kake yi ba ko kaɗan, kuma ka gaya wa jikan nan in ji ni ya sassauta. Lambar nan ta 10,000 ba daga asibiti ta fito ba. A 1965 wani kamfani a Japan ya fito da na'urar ƙirga taku ya sa mata suna Manpo-kei, wato ma'aunin taku dubu goma. Sunan talla ne ya bi duniya har ya zama kamar doka. Da aka zo aka auna da gaske, a wani bincike da aka buga a 2022 kan mutum sama da 78,000 a Birtaniya, waɗanda aka ɗaura wa na'ura a hannu aka bi su kusan shekara bakwai, an ga masu taku wajen 9,800 a rana haɗarin kamuwarsu da cutar mantuwa ya yi ƙasa da kusan rabi. Amma ga abin da ya shafe ka: masu taku wajen 3,800 ma nasu ya yi ƙasa da kusan kashi 25 cikin 100. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya yanke hukuncin cewa takun ne kaɗai sanadi, zan dawo kan wannan a ƙasa. Duk da haka, riba mafi girma tana wajen wanda ya tashi daga babu ya koma kaɗan, kai kuma ka riga ka tsallake nan.

Ni na fi son a yi lissafi da minti. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga masu shekara 65 zuwa sama ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici. Minti 30 sau biyar ke nan a ƙalla, kuma ba dole a yi shi a zama ɗaya ba, goma da safe, goma da yamma, goma wani lokacin, duk ana tarawa. Yadda za ka gane matsakaici ba sai da na'ura ba: numfashinka ya ɗan ɗaga, jiki ya ɗumama, kana iya magana da na kusa da kai amma ba ka iya rera waƙa. In kana iya waƙa, ka ɗan ƙara sauri. In maganar ma tana yankewa, ka rage.

Akwai rabin ƙa'idar da kowa yake mantawa, kuma shi gwiwarka ta fi buƙata: ƙarfafa tsoka sau biyu a mako, da atisayen tsayuwa daidai sau uku. Gwiwa tana jingine ne da naman cinya, in cinya ta yi ƙarfi sai nauyin da yake sauka a kan gaɓar ya ragu. Ka sami kujera mai ƙarfi wadda ba ta da taya, ka jingina ta da bango. Ka zauna, ka miƙe, ka sake zama a hankali ba faɗawa ba, sau 8 ko 10. Da farko ka dafa, in ƙarfi ya zo ka rungume hannuwanka a ƙirji. Sannan ka dafa bango ka ɗaga dugaduganka ka sauke. Sannan ka tsaya da ƙafa ɗaya kana dafe da tebur, ka ƙirga goma, ka canza. Duka ba zai ci maka minti 10 ba. Ɗan tsamin jiki washegari ba komai ba ne. Amma in gwiwar ta kumbura, ko ciwon ya wuce kwana guda yana ƙaruwa, ka yi yawa, ka koma baya kaɗan. Abin da ya kwantar da kai a rana ta uku tsalle ne daga ƙasa zuwa sama, sannu kuwa ba ta hana zuwa. Ka riƙa ƙara 'yan mintuna duk mako, ka sa takalmi mai rufe ƙafa, ka guji tsakar rana in ana zafi, ka sha ruwa.

Abubuwan da in ka ji su za ka tsaya nan take ka nemi asibiti: ciwo ko nauyi a ƙirji, haki da ya wuce aikin da kake yi, jiri kamar za ka faɗi, bugun zuciya da ya rikice. In kuma baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya mutu, ko magana ta sarƙe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, ba a jira gari ya waye. Maganin hawan jininka kuma kada ka ajiye shi don ka fara tafiya. Wani babban gwaji a Amurka mai mutum sama da 9,000, da aka buga a 2019, ya nuna cewa waɗanda aka fi matsa wa hawan jininsu ya sauka sun fi tsira daga raunin tunani na farko-farko. Tafiya da ƙwayar abokan aiki ne.

TAMBAYA: Likita, an tabbatar wa mahaifiyarmu cutar mantuwa bara. Wani lokacin ba ta gane ƙanwata. Na ji ana cewa motsa jiki yana dawo da ƙwaƙwalwa. In muka dage mata, za ta dawo yadda take? Don Allah ka gaya mini gaskiya. Daga babban ɗanta.

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya ba ta sauƙi, ya ba ku ladan jinya. Ka nemi gaskiya, ga ta: ba za ta dawo yadda take ba ta hanyar motsa jiki, kuma duk wanda ya yi maka alkawarin haka, ko da atisaye ko da wani abin sha, ka riƙe aljihunka. An gwada wannan tambayar taka kai tsaye a Ingila. Mutum 494 masu cutar a matakin farko da na tsakiya, aka sa wasu atisaye mai ƙarfi na wata huɗu ƙarƙashin kulawa, aka ci gaba da bibiyarsu har shekara. Sakamakon da ya fito a 2018 ya ce jikinsu ya yi ƙarfi, amma tunaninsu bai daina raguwa ba, har ma ya ɗan fi na sauran raguwa kaɗan. Na tuna yadda labarin nan ya sanyaya wa da yawa daga cikinmu gwiwa. Ba a fafe gora ranar tafiya: amfanin motsi ga ƙwaƙwalwa ya fi yawa kafin cutar ta kafu.

To a bar ta ta zauna ke nan? A'a. Manufar ce take canzawa. Yanzu abin da kuke karewa shi ne ta ci gaba da kai kanta banɗaki, ta tashi daga gado da ƙafarta, ta ci abinci da hannunta. Duk watan da kuka ƙara mata a kan ƙafarta, kun rage mata gyambon kwanciya, kun rage ciwon huhu, kun kuma rage wa bayanku ɗaga ta. Masu jinya da yawa suna gaya mini cewa ranar da aka fita da mara lafiya ya ga hasken rana ya ɗan taka, barcinsa na dare ya fi daɗi, rikicin yamma ma yakan yi sauƙi.

Yadda ake yi da mai wannan cuta daban ne. Kada ku yi mata dogon bayani, ku yi abin a gabanta ta kwaikwaya. Lokaci ɗaya kullum, hanya ɗaya kullum, domin sabo yana zama a wani sashe na ƙwaƙwalwa da cutar ba ta saurin ci. Shi ya sa za ka ga wadda ta manta sunan 'yarta hannunta bai manta ninke kaya ba. Ku ba ta kayan ta ninke, ko da za ku warware a ɓoye ku sake kawo mata. In akwai waƙar da take so tun ƙuruciya, ku sa mata, sau da yawa jiki yana amsa sauti bayan ya daina amsa magana. In ta ƙi, kada a ja, a bari sai an jima. Kada ta fita ita kaɗai, kuma a sa takarda mai lambar wayarku a jikin kayanta. In kuma wata rana kuka ga ta rikice farat ɗaya fiye da yadda ta saba, kada ku ce cutar ce ta ƙaru. Sau da yawa ciwon fitsari ne, ko zazzaɓi, ko rashin ruwa a jiki, kuma ana maganinsu.

Ƙanwarka da ba a ganewa, ita ma ku kula da ita, abin yana da ciwo. Ku raba jinyar, kada a bar wa mutum ɗaya. A duniya mutum sama da miliyan 55 ne suke da wannan cuta, kusan miliyan 10 suke kamuwa da ita duk shekara, kuma galibi iyalai ne suke ɗauke da su a gida kamar ku.

TAMBAYA: Likita, ni ban yarda da wannan magana ba. Kawuna aikin ƙarfi ya yi duk rayuwarsa, bai taɓa mallakar mota ba, amma ya rikice kafin ya rasu. Maƙwabcinsa kuwa da ba ya ko tashi daga inuwa ya kai 90 da hankalinsa. Ni shekarata 47. Me zai sa in wahalar da kaina? Daga wani mai karatu.

AMSA: Malam, tambayarka ta fi yadda kake zato nauyi, domin masu bincike ma sun yi ta. Allah ya jiƙan kawu. Babban abin da yake kawo cutar mantuwa shekaru ne, sai gado, kuma babu tafiyar da take canza waɗannan. Motsa jiki yana rage haɗari ne a cikin jama'a, ba ya ba mutum ɗaya takardar tabbaci. Cikin masu tafiya dubu wasu za su kamu, cikin mazauna inuwa dubu wasu za su tsira, bambancin a yawan ne. Kawunka da maƙwabcinsa mutum biyu ne.

Zan ma ƙara maka hujja a kan kaina. An bi ma'aikatan gwamnati sama da 10,000 a Landan tun daga shekarun 1980, na kusan shekara 27. Da aka buga sakamakon a 2017, sai aka ga waɗanda suka kamu da cutar sun fara rage motsi tun kimanin shekara tara kafin a gano ta. Ma'ana, wani lokacin cutar ce take fara zaunar da mutum a ɓoye, mu kuma mu ce zaman ne ya kawo cutar. Wannan ya sa nake taka-tsantsan da manyan alƙaluman da ake yaɗawa, har da na takun da na kawo a sama.

Duk da haka ina tafiyata kullum, ga dalili. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet, ƙarƙashin Farfesa Gill Livingston, ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda a ƙiyasinsu suke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na masu cutar. Rashin motsi ɗaya ne kawai a ciki, kuma kasonsa shi kaɗai ƙarami ne. Amma duba maƙwabtansa a jerin: hawan jini, ciwon sukari, ƙiba, kitsen jini, ciwon damuwa, kaɗaici. Duk waɗannan tafiya tana taɓa su, musamman in da abokin hira ake yin ta. Sauran, irin su taba, giya, buguwar kai, rashin ji da rashin gani da ba a kula da su ba, kowanne da nasa gyaran, kuma ba mu san wanne ne ya sami kawu ba. A ƙasar Finlan an haɗa abubuwan wuri guda aka gwada: dattawa 1,260 'yan shekara 60 zuwa 77, aka ba rabinsu atisaye da gyaran cima da horon tunani da sa ido kan hawan jini na shekara biyu. A 2015 aka ga sun fi sauran a gwajin tunani. Tazarar ba mai yawa ba ce, amma gwaji ne na gaske da aka raba mutane ta hanyar ƙuri'a.

Shekarunka kuma su ne daidai lokacin. Canjin da cutar Alzheimer take yi a ƙwaƙwalwa yana farawa shekara 15 zuwa 20 kafin mantuwa ta bayyana, hawan jinin tsakiyar rayuwa kuma shi ne yake bin mutum bashi a tsufa. Yaushe rabonka da a auna naka?

TAMBAYA: Likita, shekarata 61. Ina yin wasannin wasa ƙwaƙwalwa a waya awa guda kullum. Ba su isa ba, sai na fita tafiya? Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya, wasan yana koya miki wasan ne. Za ki ƙware a kansa, maki zai hau, amma bincike bai nuna ƙwarewar tana tsallakawa sosai zuwa tuna inda kika ajiye makulli ba. In yana miki daɗi ki ci gaba, sai dai awa gudan nan a zaune kike yin ta. Ki raba ta biyu, rabi ki ba ƙafa. In kina son kai ya yi aiki tare da jiki, ki sami ƙawa ku riƙa tafiya kuna hira, ku canza hanya lokaci-lokaci, ko ki koyi wani motsi mai jeri da sai an haddace, irin rawa mai taku ko atisayen taici na mutanen Sin, wanda aka tabbatar yana rage faɗuwa.

Masu tambaya kan rashin barci da minshari, na ga wasiƙunku, guda shida ne, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.